Daga Hakiya Zuwa Dashen Ido: Waiwaye Kan Abin Da Ke Sa Dashe Ya Kama

Ƙofar Sauri na ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Katsina, kuma ta nan hanya ke fita arewa maso gabas zuwa Kaita da ƙauyukan da ke dab da iyakar Nijar. Waɗanda suka manyanta a cikinmu ba su manta da irin baƙin da ke shigowa birni ta wannan hanya ranar Juma'a ba: dattijo riƙe da ƙarshen sanda, ɗan jagora riƙe da ɗaya ƙarshen, suna neman sadaka unguwa-unguwa. In ka dubi idon dattijon, sau da yawa za ka tarar baƙin idon ya koma fari fat. Hakiya ke nan. A wancan zamani ba a ma tambayar ko tana da magani. Sai a ce ƙaddara ce, mutum ya shiga cikin jama'ar Sarkin Makafi, rayuwa ta ci gaba. Yau kuwa likita na iya yanke wurin da ya yi fari, ya ɗinka lafiyayye a madadinsa, mai ido ya sake ganin fuskar 'ya'yansa. Sai dai ba kowane dashe ne ke kamawa ba. Tarihin wannan aiki, in muka bi shi daki-daki, tarihi ne na neman amsar tambaya guda: me ke sa wani dashen ya zauna garau shekara da shekaru, wani kuma ya yi hazo cikin 'yan watanni? Amsar ta yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani, kuma inda ta tsaya a yau ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Mu fara da sanin abin da ake dasawa. Jama'a da dama na ɗauka ƙwayar ido ake ƙwaƙulewa a sa wata, alhali har yau ba a taɓa dasa ƙwayar ido sukutum ta gani ba. Abin da ake sauyawa shi ne tantanin nan garai-garai da ke rufe baƙin ido, kamar gilashin da ke kan fuskar agogo. Faɗinsa bai wuce milimita 12 ba, kaurinsa kusan rabin milimita, amma shi ke yin wajen kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido. Allah ya halicce shi babu jijiyar jini ko ɗaya. Hawaye da ruwan cikin ido ke ciyar da shi. A bayansa akwai wata shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta, jeri ɗaya tak, waɗanda aikinsu shi ne zuƙe ruwa daga tantanin don kada ya kumbura ya dushe. Waɗannan ƙwayoyi ba sa sabuntuwa, wadda ta mutu ta tafi ke nan. Rashin jijiyar jini da lafiyar wannan shimfiɗa ta baya, su biyun ne duk labarin da zai biyo baya ya rataya a kansu.

A zamanin kakanninmu, cututtuka uku ne suka fi shuka hakiya a ƙasar Hausa. Agana ta kan bar zane a fuska, ta kuma bar fari a ido. Amosanin ido ya kan bi ƙuda da kwantsa daga yaro zuwa yaro, ya yi ta ƙanƙance fatar ido ta ciki shekara bayan shekara, har gashin ido ya juya ciki yana gogar baƙin ido. Shi ya sa tsofaffi mata da yawa ba sa rabuwa da matsefata, suna cire gashin ɗaya bayan ɗaya, yana sake tsirowa da kaifi. Ta ukun ita ce ƙyanda, baƙon dauro, wadda ke zuwa da rani lokacin da rumbu ya fara sauka. Mu tuna yadda ake jinyarta. Yaro yana kwance a ƙuryar ɗaki mai duhu, zazzaɓi ya hana shi cin abinci, zawo ya tsotse shi, idanu sun kumbura sun rufe. Uwa ta ɗiga masa nono, kaka ta kawo ruwan wani ganye, maƙwabciya ta ce a sa kwalli. Ranar da idon ya buɗe, sai a ga baƙin ya yi gyambo, wani lokaci ma ya fashe. Babu wanda ya san cewa ƙyanda na ƙarar da sinadarin bitamin A da ke jikin yaro, kuma rashinsa na narkar da tantanin ido cikin 'yan kwanaki. Dundumi, wato rashin gani da magariba, shi ne gargaɗin farko, amma ba a ɗauke shi gargaɗi ba.

A can wasu ƙasashe, tun farkon ƙarni na 19 likitoci ke mafarkin sauya tantanin da ya mutu. Abin mamaki, ɗaya daga cikin nasarorin farko a nahiyarmu aka same ta. A 1835 wani likita ɗan ƙasar Ailan, Samuel Bigger, ya faɗa hannun Larabawan hamada a ƙasar Masar. Yana tsare a wurinsu ya ɗauki tantanin idon wata barewa ya dasa wa wata barewar da ta makance, ya kuma ba da labarin cewa dashen ya kama. Darasin a fili yake, barewa ce ta karɓi na barewa, amma an daɗe ba a fahimce shi ba. A 1838 Richard Kissam ya dasa wa wani mutum tantanin idon alade a birnin Niyok na Amurka, ba a yi nisa ba ya yi fari. Haka aka ci gaba da gwada na zomo da na wasu dabbobi kusan har ƙarshen ƙarnin, galibi ana komawa gidan jiya. Abin da wannan zamani ya bari mai amfani shi ne kayan aiki, musamman 'yar wuƙar nan mai zagayayyen baki da Bajamushe Arthur von Hippel ya ƙera, wadda ke yanke tantani daidai wa daida, da kuma maganin sa barci da tsabtar ɗakin tiyata da suka shigo aikin likita a lokacin.

Ranar 7 ga Disamba, 1905, aka shiga sabon zamani. A garin Olomouc, cikin ƙasar Cek ta yau, likita Eduard Zirm yana da majinyaci mai suna Alois Glogar, ɗan ƙodagon gona mai shekara 45 wanda ɗanyar farar ƙasa ta ƙone wa idanu biyu. Sai ga wani yaro ɗan shekara 11 da ƙarfe ya shiga idonsa, ba makawa sai an cire idon, amma tantaninsa lafiya lau. Zirm ya yanki 'yan da'irori biyu masu faɗin milimita 5 daga tantanin yaron, ya dasa wa Glogar a kowane ido. Ɗaya ya lalace, ɗayan ya zauna garau, mutumin ya koma aikinsa. Wannan shi ne karo na farko da irin wannan dashe ya yi nasara a jikin ɗan Adam, kusan shekara hamsin kafin a yi nasarar dashen ƙoda. Amsar wancan zamani ta fito: tantanin ya zama na mutum, sabo, lafiyayye, kuma a yi aikin cikin tsabta da taushin hannu.

To amma ina za a riƙa samun tantanin? Ba kullum ake cire idon mai rai ba. Vladimir Filatov na birnin Odesa ne ya warware wannan ƙulli a 1931, lokacin da ya nuna cewa tantanin mamaci na aiki, muddin an cire shi da wuri an ajiye a wuri mai sanyi. Daga nan tunanin ma'ajiya ya samo asali, har Townley Paton ya buɗe bankin ido na farko a duniya a Niyok cikin 1944. Majinyacin wancan lokaci kuwa ya sha wahala. Da yake zare da allurar da ake da su sun yi wa tantani kauri, sai a naɗe masa idanu biyu, a kwantar da shi kwana da kwanaki ba motsi, wani lokaci a tokare kansa da 'yan jakunkunan yashi. Tari ko atishawa mai ƙarfi na iya ɓata aikin. Warkewa a lokacin ta dogara ne kan haƙurin kwanciya.

A daidai wannan tsakani ne aikin ido na zamani ya iso ƙasar Hausa. A 1943 mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano ƙarƙashin likita Douglas Hursh, wanda a yau aka sani da asibitin ido na ECWA. Katsinawa da Daurawa da mutanen Maraɗi da Damagaram sun yi ta tururuwa can, wasu a mota, wasu a ƙasa. Mai yanar ido a yi masa aiki ya dawo yana gani, mai gashin ido a gyara masa fatar ido. Mai hakiya kuwa yawanci sai dai a ba shi haƙuri, ko kuma in farin bai rufe ko'ina ba a buɗa masa 'yar kafa a gefe don haske ya samu hanya. A shekarun 1950 likita F. C. Rodger ya zagaya Arewacin Nijeriya da arewacin Gana yana binciken dalilan makanta, abin da ya fara nuna wa hukumomi girman matsalar a rubuce.

Bayan yaƙin duniya na biyu, likitoci suka lura da wani abu mai rikitarwa. Dashe ya kama, ya yi makonni ko watanni garau, rana tsaka sai ido ya yi ja, tantanin ya yi hazo. Likitocin Faransa ƙarƙashin Louis Paufique suka bayyana wannan ciwo a 1948, sannan Edward Maumenee na Amurka ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa garkuwar jiki ce ke gane baƙon nama ta far masa. A 1969 likita Ali Khodadoust, ɗan ƙasar Iran, ya nuna yadda ƙwayoyin garkuwar jiki ke jeruwa a layi suna cin shimfiɗar nan ta baya, layin da har yau likitocin ido ke kira da sunansa. Nan aka gane sirrin nasarar Zirm: tantani marar jijiyar jini a ɓoye yake, garkuwar jiki ba ta cika ganinsa ba. In kuwa jijiyoyin jini sun riga sun kutsa cikin hakiyar, to an buɗe wa garkuwa hanya. An yi sa'a tun a shekarun 1950 ne maganin sitiroyid ya bayyana, wanda in aka ɗiga shi a ido yake kwantar da garkuwar. Shekarun 1960 suka kawo madubin tiyata da zaren nailan wanda ya fi gashin kai siranta, aka daina doguwar kwanciya. A 1974 McCarey da Kaufman suka haɗa ruwan da ke adana tantani na wasu kwanaki, daga baya aka samu wanda ke riƙe shi har mako biyu. Daga nan tantani ya zama abin da za a iya sawa a jirgin sama daga wata nahiya zuwa wata.

Mu a nan gida, abin da ya fi rage hakiya a waɗannan shekaru ba a ɗakin tiyata ya faru ba. A 1967 aka fara gangamin allurar agana da ƙyanda a Afirka ta Yamma. Da yawanmu na ɗauke da tabon lambar a damtse har yau. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Nijeriya, a 1980 aka bayyana ƙarewarta a duniya baki ɗaya, ƙofa ɗaya ta makanta ta rufe ke nan. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar da ta halatta cire tantanin mamaci don dashe. A 1979 likitoci biyu da ke aiki da Jami'ar Ahmadu Bello, John Sandford-Smith da Hilton Whittle, suka wallafa bincikensu kan gyambon ido da ke biyo bayan ƙyanda a jikin yaran Arewa, inda suka danganta shi da tamowa da kuma ƙwayar cutar hapis da ke samun dama idan jiki ya raunana. A shekarar ce kuma aka yi dokar kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ta fara aiki sosai a farkon shekarun 1990. Doka ta samu, cibiya ta samu, amma tantanin dasawa bai samu ba, domin doka ba ta haifar da mai bayarwa.

Da aka fara yin dashe da yawa a Afirka, sai wani darasi mai ɗaci ya fito. A 1996 David Yorston da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon dashen da aka yi a asibitin ido na Kikuyu a Kenya. Masu cutar keratokonas, wadda ke sa tantanin matashi ya yi siriri ya turo gaba ba tare da gyambo ba, kusan kashi 87 cikin ɗari na dashensu na nan garau bayan shekara biyu. Sauran masu cututtuka dabam kuwa, adadin bai wuce kusan kashi 65 ba. Likitocin ɗaya ne, zaren ɗaya, ɗakin tiyatar ɗaya. Bambancin yana ga idon da aka kawo. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin irin hakiyar da ta fi yawa a ƙasarmu ita ce wadda dashe ya fi wuyar kamawa a kanta. Hakiyar ƙyanda ta kan zo cike da jijiyoyin jini, a manne da abin da ke bayanta, sau da yawa tare da hawan jinin ido. In tun yaro yana ƙarami ta same shi, ko an sa tantani mai kyau bayan ya girma ganin ba ya dawowa sosai, saboda ƙwaƙwalwa ba ta koyi gani da wannan idon ba tun farko. Idon da amosani ya ci kuwa busasshe ne, hawayensa sun ƙafe, fatarsa ta lanƙwashe. In ba a gyara fatar ba, gashin da ya kashe tantanin farko zai kashe na biyu.

Wannan ciwo na amosani ba labarin nesa ba ne ga mai zama a Ƙofar Sauri. A 2001 likita Mansur Rabi'u da Farfesa Adenike Abiose suka wallafa binciken da suka yi a ƙaramar hukumar Kaita, wanda ya nuna yadda ciwon ya yi katutu a ƙauyukan yankin, da kuma abubuwan da ke hana masu gashin ido zuwa a yi musu aiki. Tun ƙarshen shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara yaƙi da shi ta hanyoyi huɗu: aikin fatar ido, rabon magani, wanke fuskar yara, da tsabtace muhalli. Aka koya wa ma'aikatan lafiya gyaran fatar ido a ƙananan asibitoci, aka riƙa raba magani gida-gida. A farkon shekarun 2000 aka fara ɗiga wa yara bitamin A a baki lokacin zagayen rigakafi, aka kuma wajabta ƙara shi a cikin man girki da sukari da fulawa na kamfani. Shi ya sa a yau ba kasafai muke ganin yaro mai farin ido irin na dā ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma shiyyar Arewa maso Yamma ce ta fi yawansu. Tabon tantanin ido ne ya jawo kusan kashi 8 cikin ɗari na wannan makanta, sannan kashi 84 cikin ɗari na makantar baki ɗaya irin wadda ake iya karewa ko warkarwa ce.

Ƙarshen ƙarnin da ya wuce ya sake kawo sauyi a ɗakin tiyata. Maimakon a yanke tantani gaba ɗaya, sai likitoci suka koyi sauya ɓangaren da ya lalace kawai. Gerrit Melles na ƙasar Holan ya fara dasa ɓangaren baya shi kaɗai a 1998, ya ƙara inganta dabarar a 2006. A wannan aiki kumfar iska ce ke manna dashen, majinyaci ya kwanta rigingine na 'yan kwanaki, gani ya dawo cikin makonni. A 2002 kuma likita Mohammed Anwar, wanda ke aiki a Saudiyya, ya fito da dabarar hura iska a cikin tantani don a raba ɓangaren gaba da na baya, a sauya na gaban, a bar wa majinyaci shimfiɗarsa ta baya. Da yake wannan shimfiɗa ce garkuwar jiki ta fi kai wa hari, barinta ya kawar da mafi munin haɗarin. Sai dai hakiyar da ta ci tantani har ƙasa, irin wadda gyambo mai zurfi ke bari, har gobe sai an yanke duka, an yi ɗinki kusan 16 kewaye da dashen.

Matsalar samun tantani kuwa tana nan inda muka bar ta. An kafa bankin ido a Legas a shekarun 2000, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tsara bayar da sassan jiki ta kuma hana sayar da su, amma masu bayarwa ƙalilan ne, yawancin tantanin da ake dasawa a ƙasar nan daga waje ake kawo shi da kuɗin waje. Wani bincike na duniya kan shekarar 2012 ya nuna cewa an yi dashe kusan 185,000 a ƙasashe 116, alhali tantani ɗaya tak ake samu ga kowane mutum 70 da ke buƙata. Wasu ƙasashe marasa arziki sun yi nisa wajen warware tasu matsalar: Sirilanka, ta hannun likita Hudson Silva, ta fara tara tantani tun shekarun 1960 har tana aika wa wasu ƙasashe, Habasha kuma ta buɗe nata bankin a Adis Ababa a 2003. Ta fuskar addini, Muftin Masar Shaihu Hasan Ma'mun ya ba da fatawar halascin ɗaukar tantanin mamaci tun 1959, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi kuma ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta dashe daga mamaci bisa sharaɗin izininsa ko na magadansa, ba tare da ciniki ba. Mu da ke gaggauta suturar mamaci, ya kamata mu san cewa cire tantani aikin 'yan mintoci ne, ana yin sa cikin sa'o'in farko bayan rasuwa, ba ya sauya kamannin fuska, ba ya kuma jinkirta jana'iza.

Duk wannan doguwar tafiya ta kawo mu ga halin da muke ciki. Aikin kansa bai fi sa'a ɗaya ko biyu ba, ana yin sa a 'yan asibitoci a manyan biranenmu, wasu kuma su tafi Indiya ko Masar. Warkewar ce ke cin shekara guda ko fiye, kuma a gida ake yin ta. Mu ɗauki manomin da ƙaiƙayi ya faɗa wa ido lokacin shiƙar gero, ƙwayar cuta irin ta fumfuna ta shiga, ya ɗiga abin da aka ba shi a kemis, gyambon ya faɗaɗa, aka ƙare da dashe. Ranar sallama ma'aikaciyar jinya za ta miƙa masa 'yan kwalabe ta ce, "Baba, wannan ba a fashinsa, ko idon ya yi kyau kada ka daina sai likita ya ce. Kada ka murza, kada ka ɗauki kaya mai nauyi, da dare ka rufe shi da wannan marfin." Ya dawo gida, hunturu ya kama, ƙura ta tashi, idon na ƙaiƙayi. Ga alwala sau biyar, ga hawan babur ba tabarau, ga jikoki na wasa a jikinsa. Ɗinkin dashe ba ya taɓa komawa ƙarfin tantanin asali; gwiwar hannun yaro ko ƙahon akuya na iya fasa shi ko bayan shekaru. Zare ɗaya in ya saki, ya kan tara kwantsa, ya jawo ƙwayoyin cuta da jijiyoyin jini, kuma likita mai madubi ne kawai zai gan shi ya cire.

Maganin ɗigawar ma yana da nasa sharaɗi. Shi ke hana jiki ƙin dashen, amma shi ne kuma ke iya ɗaga hawan jinin ido a ɓoye, ya kawo yana, ko ya ba fumfuna da hapis damar dawowa. Don haka ba a rage shi ko a ƙara da ka, ba a kuma sayen makamancinsa a kan tebur. Dole a riƙa komawa ana auna idon. Mutumin Kaita ko na cikin birni da aka yi wa aiki a Kano yana da tafiyar kilomita kusan 170 a gabansa kowane zuwa, na Kaduna ko Legas kuwa ba a magana. Nan ne dashe da yawa ke mutuwa. Wata na uku gani ya fara kyau, kuɗin mota ya yi wuya, kwalba ta ƙare, a ce sai an sayar da amfanin gona. Da azumi wasu su ajiye maganin tun daga asuba har faɗuwar rana don gudun ɗanɗanonsa a maƙogwaro, alhali danne kusurwar ido ta gefen hanci na minti ɗaya ko biyu bayan ɗigawa na tare mafi yawansa, kuma likita na iya tsara lokutan, malami kuma ya yi bayanin rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya. Ciwon sukari, taba, ƙarancin abinci mai gina jiki da ƙaiƙayin ido irin na yara duk suna jinkirta warkewa.

Alamun ƙin dashe huɗu ne, kuma ya kamata kowa a gidan ya haddace su: ido ya yi ja, haske ya riƙa damunsa, gani ya ragu, ko ya fara ciwo. In aka kai shi ga likitan ido cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa ana iya kwantar da garkuwar a ceci dashen. In aka ce a bari a gani zuwa ranar kasuwa, ƙwayoyin nan na baya da ba sa sabuntuwa sun mutu, tantanin ya kumbura, kuma dashe na biyu ya fi na farko wuyar kamawa. Wannan haɗari ya fi yawa a shekara ta farko da ta biyu, amma ba ya ƙarewa muddin rai.

Idan muka haɗa zamunan nan, za mu ga yadda nauyin ya yi ta sauka daga wuri zuwa wuri. Da farko matsalar ta naman da ake dasawa ce, sannan ta koma ta zare da allura, sannan ta garkuwar jiki da magani. Masana sun yi nasu, sun warware mafi yawan waɗannan. Abin da ya rage yana hannun majinyaci da danginsa da hukumomin lafiya: a wane hali aka kawo idon, da kuma yadda aka kula da shi bayan aiki. Saboda haka dangin da ke haɗa kuɗin dashe su haɗa har da na magani da na mota na shekara guda, su kuma nemi likitan da ya yi aikin ya haɗa su da likitan ido mafi kusa da gida kafin a sallame su. Gwamnatocin jihohinmu su horar da likitocin tantanin ido, su tanadi magungunan gyambon ido a manyan asibitoci, malamanmu kuma su yi wa jama'a bayanin hukuncin bayar da tantani. Mu kuma iyaye mu kai yara allurar ƙyanda, mu wanke musu fuska, mu sa tabarau lokacin sussuka da walda. Duk idon da ya ji rauni ko ya yi ja yana ciwo, a kai shi asibiti a ranar, kada a ɗiga masa komai sai abin da likita ya rubuta.